Abin da Rariya Ta Riƙe

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

An kwashe masara daga gonar, an ɗaure kara, don haka yau na buɗe wannan littafi. Zan riƙa rubuta abin da aka yi da ranar da aka yi shi, har da abin da ya ɓaci, domin aikin da ba a rubuta ba, in an yi wata uku kowa da irin labarin da zai bayar a kansa.

Aikin dai shi ne mu haƙa ramuka uku a wani wuri da ke kudancin jihar nan, mu ɗebi tan 10 na ruɓaɓɓen dutse daga kowanne, mu kawo Katsina mu wanke, mu ƙirga abin da ya rage, mu ga ko akwai lu'ulu'u, wato daimon, a ciki. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Duk wanda ya ga abin da kalmar zinari ta jawo wa ƙauyukan Zamfara ba sai na yi masa bayani ba.

Alhaji, wanda da kuɗinsa ake yin komai, kuma da sunan kamfaninsa aka karɓo lasisin bincike daga Abuja, ya kira ni gidansa jiya bayan Isha. Injiniya yake ce mini, ko da yake na sha gaya masa nazarin duwatsu na karanta, ban taɓa kwance ko injin niƙa ba.

"Injiniya, ni dai magana guda. Akwai shi ko babu shi?"

Na ce, "Alhaji, ranka shi daɗe, in da na sani ai da ba mu haƙa ba."

Dillalin siminti ne, sai na yi masa lissafin da siminti. Ana auna lu'ulu'u da karat, karat 5 kuwa su ne giram 1. Mahaƙar da ake kira mai albarka tana iya ba da karat 50 a cikin tan 100 na dutse. Giram 10 ke nan, nauyin ƙwayar sukari biyu da 'yar ɗoriya, a warwatse cikin abin da ya kai buhun siminti 2,000. Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce, "Allura cikin ruwa ke nan, mai rabo ka samu." Na ce haka ne, amma mu ba allurar muka je tsinta ba. So muke mu san allura nawa ke cikin kowace randa, don ya san ko kogin ya cancanci a kwashe shi. Lasisin ma iyakar abin da ya halatta ke nan: bincike da ɗibar samfuri da gwaji, na shekara 3, ban da haƙa don sayarwa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mun je gaida Mai Unguwa da goro, aka kira mai gonar, aka maimaita yarjejeniya a gaban shaidu: za a biya shi diyyar wurin, za a cike ramukan kafin damina, ƙasar sama kuma a ajiye ta gefe a mayar da ita a sama. Mai Unguwa ya tambaya ko zinari ne. Na ce, "Ranka shi daɗe, gwajin dutse ne, kuma mai yiwuwa ba a samu komai ba." Kallon da ya yi mini na wanda ya saba jin irin wannan magana daga bakin waɗanda suka riga suka samu ne.

Kafin mu dawo na sa yara suka farfasa mini gefen suri takwas, muka cika buhu guda daga kowanne. Mutanen gari suka tsaya suna kallon baƙon da ya baro birni don ya yi faɗa da gara. Amma gara tsohuwar ma'aikaciyarmu ce. Tana nutsawa ƙasa neman danshi, ta fito da ƙwayoyin abin da ta taras. A Botsuwana, inda yashin Kalahari ya binne duwatsu, irin waɗannan ƙwayoyi da aka tsinta a saman ƙasa ne suka kai masu bincike ga wurin da ya zama mahaƙar lu'ulu'u ta Orapa a 1967, daga baya kuma ga ta Jwaneng, wadda aka buɗe a 1982. Ba lu'ulu'un kansa ake nema a suri ba, 'yan rakiyarsa ake nema: ganet mai launin ja da ya karkata zuwa shuni, da baƙar ilmenait mai sheƙi, da wata koriyar ƙwaya da ake kira dayofsait. Su sun fi shi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa su ake fara gani.

Bari in rubuta nan tun da wuri abin da ke raina, kada gobe a ce ban faɗa ba. Lu'ulu'u yana samuwa ne a zurfin da ya wuce kilomita 150, kimbalait kuwa, dutsen da ake samun lu'ulu'u a cikinsa, ba shi ke haifar da shi ba, ɗan dako ne kawai, aman wuta ne da ya taso daga can ƙasa da gudu ya kwaso abin da ya taras a hanya. Tun 1966 wani masani mai suna Clifford ya nuna cewa kimbalait mai riba yakan fito ne ta cikin tsofaffin ginshiƙan ƙasa masu kauri da sanyi, waɗanda suka haura shekara miliyan 2,500 ba su motsa ba, irin na Afirka ta Kudu da Botsuwana da Saliyo da Gini. Mu kuwa muna zaune ne a kan ƙasar da aka dama aka sake toyawa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Wannan ba alama ce mai daɗi ba. Gaskiya ne an daɗe ana maganar wani dutse a wajen Kafur da ake kyautata zaton kimbalait ne, kuma gaskiya ne ƙa'idar Clifford tana da togaciya, ga mahaƙar Argyle ta Ostiraliya nan da ta yi ta zuba lu'ulu'u har 2020 alhali ba a tsakiyar irin wancan ginshiƙi take ba. Amma ko a inda ƙasa ta dace, mafi yawan kimbalait da aka gano ba su taɓa zama mahaƙa ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Rami na ɗaya ya kai mita 4. Wanda ke jagorantar haƙa wani dattijo ne da ya yi rayuwarsa yana haƙar rijiya, kowa Baba yake ce masa. Na zo da tef da littafi, shi ya zo da diga da hanci. Da aka wuce marmara aka shiga wata ƙasa mai laushi, ruwan ɗorawa da ɗan kore-kore, sai ya damƙo ta ya murza, ya sunsuna, ya ce, "Ɗana, wagga ba ƙasar garin nan ba ce. Na haƙa rijiya ta fi arba'in a yankin ga, ban taɓa cin karo da ita ba." Na ji daɗin maganarsa fiye da taswirar maganaɗisun da ta kawo mu wurin.

Ƙasar tana da santsi kamar sabulu, da ɓarɓashin ƙyalli ruwan tagulla, da gutsattsarin wasu duwatsu masu kusurwa a cakuɗe kamar tsakin gyaɗa cikin alewa. Haka ruɓaɓɓen kimbalait yake kama. Mahaƙan garin Kimbali na Afirka ta Kudu, inda dutsen ya samo sunansa, rawayar ƙasa suke kiran wannan, mai tauri ta ƙarƙashinta kuma shuɗiyar ƙasa. Sai dai akwai wasu duwatsun aman wuta da in sun ruɓe kamanninsu ɗaya da wannan, kuma babu ko ƙwaya a cikinsu. Ido ba ya yanke wannan hukunci.

In da ni kaɗai ne, da na tsaya nan, na aika kilo kaɗan ɗakin gwaji, na jira amsa kafin a kira tifa. Haka tsarin yake: a tabbatar da dutsen, a nemi ƙananan lu'ulu'u, sannan a ɗebi tan goma-goma, in ya yi kyau a ɗebi dubbai. Amma rani guda gare mu, hanya tana da lokacin da ake binta da lokacin da ba a bi, Alhaji kuma ba ya son a kai baɗi. Muka shirya a kan a yi biyun tare. Na yarda, amma ban ce ya yi daidai ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Awo. Daga mita 4 zuwa 5 da rabi muke ɗiba, faɗin rami mita 2 kowane gefe. Kowane buhu sai ya hau sikeli, a rubuta masa lamba ciki da waje, a ɗinke, a ɗaura masa hatimin roba. Na shanya kilo 10 a faranti kwana uku, ya dawo kilo 8.8. Wato kashi 12 cikin 100 na abin da muke ɗauka ruwa ne, dole a cire shi daga lissafi, in ba haka ba za mu raba lu'ulu'u da nauyin da babu shi. Yaran sun gaji da ni. Na ji ɗaya yana cewa ko mai awon auduga bai kai ni ƙwanƙwanto ba.

Litinin, 2 ga Disamba

Tifa uku sun iso lafiya, alhamdu lillahi. Mun fito da hantsi, ba mu yarda la'asar ta same mu a hanya ba. An sauke a wani fili mai katanga da rijiyar burtsatse a bayan gari, kowane rami da ɓangarensa, an shata tsakani da bulo.

Manyan kamfanoni suna da injin da ke dama garin ƙarfe da ruwa har ruwan ya yi kaurin da nauyinsa ya kusa ninka na ruwan sha sau uku. In aka zuba tsakuwa a ciki, farin dutse mai nauyin da ya ninka na ruwa sau 2.65 ya taso, lu'ulu'u mai ninki 3.52 ya nutse. Daga nan sai a bi da abin da ya nutse ta gaban hasken eksire, lu'ulu'u ya yi walƙiya, iska ta hure shi gefe. Mu ba mu da ko ɗaya. Abin da muke da shi: ganga mai juyawa da wani mai walda na Ƙofar Ƙaura ya ƙera mana don wanke laka, rariya uku, da akwatin girgiza tsakuwa a cikin ruwa, inda mai nauyi ke kwantawa ƙasa marar nauyi ya hau sama. Duk matar da ta taɓa rege shinkafa a ƙwarya ta san wannan ilimi, sai dai ita tsakuwar take zubarwa, mu kuwa ita muke so.

Rariyar ƙasa milimita 1 ce. Duk abin da ya fi haka ƙanƙanta ya tafi, kuma dole a rubuta hakan a rahoto, domin wanda ya yi amfani da rariya mai ƙananan ido zai ƙirga karat fiye da namu a ƙasa iri ɗaya. Ta sama milimita 12. Abin da ya ƙi wucewa ba a dakawa. Na hana taɓarya da guduma shiga filin nan. Mutane suna jin an ce babu abin da ya fi lu'ulu'u tauri sai su ɗauka ba ya fashewa, alhali ƙarzuwa ce ba ya yi, duka guda a daidai gaɓarsa yana raba shi. Manyan dunƙulen mun baza su a rana muna yayyafa musu ruwa safe da yamma, su ruguje don kansu. Haka aka yi a Kimbali a da, filaye guda ake shimfiɗa shuɗiyar ƙasa a bar ta watanni rana da ruwa su ci ta.

Laraba, 11 ga Disamba

Ranar kunya. Kafin a fara wanke samfurin gaske na jefa 'yan duwatsun gwaji 20 cikin ƙasar banza da muka ɗebo daga bakin rami. Ƙwayoyin roba ne masu launi, an yi su da nauyi daidai da na lu'ulu'u, na sayo su tun ina aiki a waje. In injin ya kama su, zai kama lu'ulu'u. Aka wanke, aka juye, aka ƙirga: 13.

Bakwai sun bi ruwa. Wato da yau samfurin gaske muka zuba, kuma da akwai lu'ulu'u 20 a ciki, da na je na gaya wa Alhaji 13 ne, da rantsuwata, ban san na yi ƙarya ba. Na sa aka tone tarin sharar da hannu har magariba, muka samo shida. Ɗayar tana nan wani wuri tana yi mini dariya.

Laifi biyu na gano. Laka ba ta gama narkewa a ganga, tana fitowa curi-curi kamar fura, kuma curin laka yana iya haɗiye ƙwaya mai nauyi ya wuce da ita. Na biyu, yaron da ke zuba tsakuwa yana cika akwatin don a gama da wuri. Ban yi masa faɗa ba, ni ne na ce za a biya su a kan yawan buhu. Daga gobe kuɗin yini ne.

Asabar, 14 ga Disamba

An ƙara lokacin ganga, an rage zubi, an raba tsakuwa gida uku bisa girma kafin girgiza. Gwaji uku: 19, 20, 20. Mun fara rami na ɗaya. Ruwa ne matsala, burtsatsen ba ta ja, sai da muka kira 'yan garuwa, muka kuma haƙa kwatami ruwan ya kwanta a sake amfani da shi.

Asabar, 28 ga Disamba

Ina cikin rumfa ina duba ƙwayoyin rami na biyu da madubi, wajen ƙarfe 11, na ji ihu. An fara rami na uku da safen nan. In an gama girgiza akan kife rariyar a kan buhu, mai nauyi ya fito sama a tsakiya, baƙi da ja, kamar ido. A tsakiyar idon nan ga wani dutse fari tas, garai-garai, ya kai ƙwayar wake.

Ba zan ɓoye ba, ƙirjina ya buga. Shekara nawa ina wa'azin kada a yi zumuɗi, amma hannuna rawa yake da na ɗauke shi da hantsaki. Kafin in ce kowa ya tsaya inda yake, wani ya riga ya buga wa direban Alhaji waya.

Na wanke shi na sa a ƙarƙashin madubi, nan take jikina ya yi sanyi. Gefunansa a goge suke, sumul, irin na dutsen da ya daɗe yana birgima a rafi. Abin da ya fito daga cikin uwar dutsensa, bai taɓa tafiya ko taki ɗaya ba, ba ya zuwa da irin wannan gogewa. Ƙwayoyin da ke kewaye da shi duk masu kaifi ne. Na ɗora masa alƙalamin gwaji, wanda ke auna yadda dutse ke jan zafi, bai ce uffan ba. Na ƙarza shi a jikin guntun yakutun da nake ajiyewa don haka, bai bar ko zane ba, shi yakutun ne ma ya zane shi. Lu'ulu'u yana mataki na 10 a ma'aunin tauri, yakutu na 9. Wannan tofaz ne, mataki na 8.

Abin da ya sa tofaz ke ruɗin mutane shi ne nauyinsa kusan ɗaya da na lu'ulu'u, don haka duk inda lu'ulu'u zai kwanta a rariya nan shi ma zai kwanta. Wanda ya zaɓe shi ya san abin da yake yi, ko kuma wanda ya sayar masa ya sani. Gidan tofaz a ƙasar nan duwatsun Filato ne da makamantansu, inda ake samunsa tare da kuza. Ba shi da abin yi a cikin wannan koriyar laka, kamar yadda kifi ba shi da abin yi a rumbu.

Na je na duba buhunan rami na uku ɗaya bayan ɗaya. Guda huɗu an yanke hatiminsu an sake ɗinkewa da zare mai wani launi.

Wannan wasa ya girmi kakanninmu. A 1872 wasu mutum biyu a Amurka suka watsa duwatsu masu daraja da suka sayo a wani fili, suka kai attajirai suka tsinta da hannunsu, aka zuba dukiya, sai da wani masanin duwatsu na gwamnati ya je ya tona asirin. Ban taɓa zaton zan ga ƙanin wannan a bayan garin Katsina ba.

Litinin, 30 ga Disamba

Alhaji ya zo da kansa, da babbar riga, da mutum biyu a bayansa. Na roƙe shi mu keɓe. Na ajiye masa dutsen a tafin hannu, na nuna masa zanen da yakutu ya yi, na nuna masa zaren.

Ya daɗe yana juya shi. "Yanzu Injiniya, wanga ba shi ba ne?"

"Ba shi ba ne, Alhaji."

"To wa ya sa shi?"

Na ce ban kama hannun kowa ba, kuma ba zan ambaci sunan bawan Allah a kan zato ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai masu cin abinci muddin aikin nan yana tafiya, kuma sun ga ramuka biyu sun wuce shiru. Mai yiwuwa ma wanda ya yi bai ɗauke shi cuta ba, gani yake ƙarfafa wa Alhaji gwiwa ya yi.

Sai ya kawo shawarar da na san zai kawo: a cire buhu huɗun nan, a ci gaba da sauran. Na ce a'a. Huɗu na gani, ban san nawa ban gani ba. Wanda ya iya sa dutse ya iya cire dutse. Ko gobe lu'ulu'u na gaske ya fito daga wannan tari, babu mai hankalin da zai sa kuɗinsa a kansa, ni ma ba zan sa hannu a takardar ba. Tan 10 sun tashi a banza, da kuɗin haƙa da na tifa.

Ransa ya ɓaci, ya ce ni dai ban iya kawo labari mai daɗi ba. Na ce, "Allah shi huci zuciyarka, Alhaji. Mai kawo maka labari mai daɗi ai ga shi nan ya kawo, a tafin hannunka yake." Ɗaya daga cikin mutanensa ya kawar da kai yana danne dariya. Da zai shiga mota ya ce a sake haƙa ramin, a kuma canja mai gadi. Ya tafi da tofaz ɗin, wai zai sa a yi wa jikarsa zobe.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

An gama wanke rami na ɗaya da na biyu. Busasshen nauyi tan 17.6. Abin da ya kwanta a rariya, bayan an ja baƙin ƙarfe da maganaɗisu, bai cika bokiti uku ba. Na bi shi cokali-cokali a kan farin faranti. Ilmenait da yawa. Ganet da yawa, amma mafi yawansu ja ne mai duhu kamar zoɓo, irin wanda duwatsun yankin nan ke zubarwa ko'ina. Guda 31 na ware waɗanda launinsu ya karkata zuwa shuni. Koriya ko ɗaya babu. Lu'ulu'u, a idona, babu.

Me "babu" ke nufi a nan? Wannan shi ne abin da na kwana ina juyawa. In da wurin yana da karat 20 a tan 100, da tan 17.6 sun ba mu karat 3 da rabi, in ƙanana ne kuwa ƙwaya gommai ke nan, ba yadda za a yi duka su kuɓuce mana. Saboda haka ina iya cewa ramukan nan biyu ba masu yawa ba ne. Amma in karat 2 ne a tan 100, rabonmu bai kai rabin karat ba, kuma in arzikin wurin a cikin manyan duwatsu ƙalilan yake, sai ka wanke tan 100 ba ka haɗu da ko ɗaya ba. Mahaƙar Letseng ta Lesoto ba ta kai karat 2 a tan 100 ba, amma tana cikin waɗanda karat ɗinsu ya fi tsada a duniya saboda girma da kyan abin da take fitarwa. Karowe ta Botsuwana kuwa, waɗanda suka fara gano ta a ƙarshen shekarun 1960 sun gwada suka ga ba ta taka kara ta karya ba, aka bar ta shekaru. Ita ce ta fitar da dutse mai karat 1,109 a 2015, ta kuma fitar da mai karat 2,492 a watan Agustan 2024.

Ban ba Alhaji labarin Karowe ba, kuma ba zan ba shi ba sai sakamakon gwaji ya zo. Na san shi. Cikin duk abin da na rubuta a sama, wannan kaɗai zai ji. Kuma ko da an sami 'yan ƙwayoyi, sanin yawa daban, sanin daraja daban: masu kimanta farashi sukan so a tara musu karat dubbai kafin su faɗi abin da za a dogara da shi, wannan kuwa aikin tan dubbai ne da injin gaske, ba ganga da rariya ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Ban yarda da idona shi kaɗai ba, don haka muka haɗa teburin maiko. Lu'ulu'u ba ya jiƙa da ruwa, amma yana manne wa maiko, sauran tsakuwa kuwa in sun jiƙe sai su zame su wuce. A Kimbali aka gano haka a ƙarshen ƙarni na 19. Muka shafe farantin ƙarfe da man jeli mai kauri, muka karkata shi, muka riƙa sakin tsakuwar da ruwa a hankali. Hunturu ya hana mu da safe, man ya daskare ya yi tauri kamar kitse, ba abin da zai kama. Sai da rana ta ɗaga. Na gwada da wata 'yar ƙwayar lu'ulu'un masana'anta da na ciro daga tsohon bakin injin haƙa, ta manne sau biyar cikin biyar. Na mayar da ita kwalba, na rubuta, na sa shaidu biyu suka gani, kada ita ma gobe ta zama labari.

Bokiti ukun suka bi ta kai sau biyu. Muka kankare man, muka narkar a ruwan zafi. Ɓarɓashin ƙarfe daga gangar mai walda, da ƙwaro guda.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Kilo 200 da na ware tun ranar haƙa, daga ramuka na ɗaya da na biyu, waɗanda ke kulle a ɗakina ba a filin ba, an zuba su a robobi an rufe da hatimi. Takardun izinin fitar da samfuri suna hannun lauyan Alhaji. A can ɗakin gwajin da za a aika su, za a narkar da dutsen a cikin soda irin ta masu yin sabulu, a zafin da ya wuce digiri 500, har komai ya narke sai abin da ya gagara, a tace da rariyar da idonta ya fi gashi siranta, a ƙirga ƙananan lu'ulu'u a ƙarƙashin madubi in akwai. Ganet 31 ɗin suna cikin wata 'yar kwalba daban, za a auna sinadarin kowace. Mai yawan kuromiyam da ƙarancin kalsiyam ita ce ke nuna dutsen ya ratso ta zurfin da lu'ulu'u ke zama. Na haɗa da dunƙule uku mafi tauri don a yanka su siriri a faɗa mana sunan dutsen ma tukuna.

Baba ya aiko cewa sabon rami na uku ya wuce marmara, taku biyar gabas da tsohon. Wannan karon a gabana za a cika kowane buhu, in bi tifar da kaina, in kwana a filin. Mai gonar yana tambaya yaushe za a cike masa ramuka, yana son ya kai taki. Na ce kafin azumi, in Allah ya so, saura kwana goma sha tara ko ashirin. Gobe da asuba zan tafi, da sabon zare da hatimi 250.